Babi na Takwas: Tunjere a Bayan Ƙofar Yari

Tunjere cuta ce mai haƙuri. Ranar da ta shiga jikin mutum ba ta yin hayaniya. Sai an yi kamar mako uku wani ɗan miki ya fito a inda ta shiga, a al'aura ko a baki, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya yi 'yan makonni ya bushe da kansa, ko an sa magani ko ba a sa ba. Can kuma sai ƙuraje su feso, har tafin hannu da tafin ƙafa, ga ɗan zazzaɓi, ga kaluluwa. Su ma su baje. Mai ita ya yi hamdala, ya yaba wa wanda ya ba shi jiƙo, ya koma harkokinsa. Daga nan sai shiru: shekara biyar, goma, ashirin, wani ma talatin. Aikin gara take yi a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto.

Ba kowa take komo wa ba. A birnin Oslo na ƙasar Nowe an yi wani likita, Caesar Boeck, wanda ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa. Tsakanin 1891 da 1910 ya kwantar da masu tunjere kusan 2,000 a asibiti bai ba su maganin da aka saba ba, yana ganin gara jiki ya yi yaƙinsa da kansa. Bayan shekaru wasu likitocin suka bi sawun waɗannan mutane, aka fitar da cikakken sakamako a 1955. Wajen kashi biyu cikin uku sun ƙare rayuwarsu cutar ba ta sake ɗaga kai ba. Ragowar kashi ɗayan ne ta waiwaya, ta hanya uku. Wasu ta fito musu da gyambo mai cin nama da ƙashi, ya huda ganɗa, ya rusa karan hanci. Wasu ta kama babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ta saki, ta kumbura, wata rana ta fashe. Wasu kuwa, kimanin mutum shida zuwa bakwai cikin ɗari, ta hau laka da ƙwaƙwalwa.

In laka ta kama, mutum ya riƙa jin suka a ƙafafu, yana tafiya yana buga ƙafa a ƙasa don ba ya jin inda ya taka, in duhu ya yi ko ya rufe ido sai tangaɗi. In kuma ƙwaƙwalwa ce, abin da ke fara lalacewa shi ne hali. Mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon amana sai lissafi ya fara kuɓuce masa. Ya yi ta ɓarnar kuɗi, ya yi ta cika baki da dukiyar da ba shi da ita, ya ɗauki kayan wani a bainar jama'a ba ko ɓoyo, ya zagi surukinsa, ya kai wa maƙwabci duka a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Harshe ya yi nauyi, hannu ya kama rawa. A gida a ce sammu ne, ko iska, ko ya fara shaye-shaye a ɓoye. Ba wanda zai tuna da ɗan mikin da ya warke shekara ashirin baya, shi kansa ya manta. Kafin wani ya kawo zancen likita, magana ta riga ta kai gaban alƙali. In ba a yi magani ba, daga fara wannan ruɗu zuwa kabari da wuya a wuce shekara uku zuwa biyar.

Ta wannan ƙofa ce tunjere da gidan yari suka haɗu, a nan da ko'ina cikin duniya. Kurkuku na tara matalauta, da waɗanda suka yi yawon duniya, da waɗanda ba su taɓa ganin likita ba, sannan tana karɓar waɗanda cutar da kanta ta tura su ga laifi.

A ƙasar Hausa kowane babban sarki yana da Yari, mai kula da ɗaurarru. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, sai suka sa shi ƙarƙashin En'e, aka ci gaba da haka har 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen yarin ƙasar a hannunta. Wanda ya yi babban laifi a gundumomin arewacin Zazzau, irin su Ikara da Makarfi, Birnin Zariya ake kai shi, gidan yarin Ƙofar Doka. Mai taɓin hankali kuwa, muddin danginsa na iya riƙe shi, yana gida, a turu ko da mari, ana nema masa rubutu da hayaƙi. In ya fi ƙarfinsu, ko ya ji wa wani rauni, sai a miƙa wa hukuma, ita kuma ba ta da inda za ta ajiye shi sai wajen Yari ko wani shinge da ke jingine da gidan Yari. Gidajen mahaukatan da gwamnatin mulkin mallaka ta fara buɗewa a farkon ƙarni na 20 suna can Kalaba da Yaba. Likitoci biyu da aka aiko su duba lamarin, Cunyngham Brown da rahotonsa ya fito a 1938 da Carothers a tsakiyar shekarun 1950, duk sun tarar da marasa lafiya a tsare tamkar masu laifi, tsaro ya fi magani yawa. A cikin irin wannan taro, wanda tunjere ta taɓa wa ƙwaƙwalwa da wanda ciwon barci ya taɓa da mai farfaɗiya duk suna ɗaya ake kiransu.

To, da me ake yi musu magani, a inda aka yi?

Shekara ɗari huɗu amsar ita ce zaiba. Cutar ta ɓarke a Turai a 1495, cikin rundunar Sarkin Faransa Charles na Takwas da ta kai yaƙi birnin Nafoli na Italiya, sojojin haya suka watse da ita garuruwansu. Likitocin Turai suka ɗauko man zaiba, wanda likitocin Larabawa suka daɗe suna shafa wa cututtukan fata, suka mai da shi maganinta. A mulke majinyaci da shi a ɗaki mai zafi, ko a zaunar da shi cikin akwati kansa a waje a turara masa, ko a ba shi ya haɗiya. Alamar magani ya kama, a wurinsu, ita ce yawu ya yi ta dalala, har fiye da lita guda a yini. Alhali wannan alamar guba ce. Dasashi ya ruɓe, haƙora su zube, ƙoda ta lalace, hannu ya kama makyarkyata, hankali ya gushe. Tun da kuma cutar da ma takan lafa da kanta, duk wanda ya tsira sai a ce zaiba ce ta warkar da shi. A shekarun 1830 wani likitan Dabilin, William Wallace, ya shigo da gishirin aidin. Wannan kam ya yi rana, yana narkar da gyambon matakin ƙarshe a ga canji da ido, amma ba ya kashe ƙwayar cutar.

Irin wannan magani mai 'yancin zaɓi ba ya jure masa, sai ya gudu. Shi ya sa tun da wuri aka gama shi da kulle. A Faris, karuwan da 'yan sanda suka yi wa rajista, duk wadda aka samu da cutar sai a kai ta kurkukun Saint-Lazare, a tsare har miki ya bushe. A Ingila dokokin 1864 da 1866 da 1869 sun ba 'yan sanda ikon kama macen da suke zargi a garuruwan barikin soja, a duba ta dole, a kulle ta a asibiti har tsawon wata tara. Mazan da ke zuwa wurinsu ba mai ce musu uffan. Sai da Josephine Butler da ƙawayenta suka yi shekaru suna fafutuka kafin a soke dokokin a 1886.

Cikin 'yan shekaru a farkon ƙarni na 20 komai ya sauya. A 1905, a Balin, Schaudinn da Hoffmann suka hango ƙwayar cutar a madubin likita, siririya, murɗaɗɗiya, ba ta da launin da ido zai kama da sauƙi. A 1906 Wassermann ya fito da gwajin jini. A 1909, a ɗakin binciken Paul Ehrlich da ke Farankfot, wani Bajafane, Sahachiro Hata, ya gwada haɗi mai lamba 606 a kan zomaye masu cutar, suka warke. Shekara na zagayowa aka fitar da shi kasuwa da sunan Salvarsan. Gubar asinik ce aka ɗaure ta cikin wani haɗi don ta fi cutar da ƙwayar fiye da mai ɗauke da ita. Garin hoda ne rawaya a cikin kwalba liƙaƙƙiya, iska na taɓa shi ya ƙara dafi. Sai an narka shi a ruwa mai yawa a ɗura ta jijiya, in ya zuba a gefen jijiyar ya ƙone nama. Wasu ya sa musu shawara, wasu fatarsu ta saɓule, wasu suka mutu. A 1912 aka samu ƙaninsa mai sauƙin haɗawa, Neosalvarsan, a 1921 kuma wasu masu bincike biyu a Faris, Sazerac da Levaditi, suka kawo allurar bismut da ake yi a ɗuwawu, wadda a hankali ta kori zaiba.

Waɗannan allurai biyu, ta asinik da ta bismut, su ne suka iso asibitoci da ɗakunan shan magani na Afirka ta Yamma tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Mutum ya zo da miki sharkaf, a yi masa allura biyu ko uku, miki ya kame. Labari ya bazu. Masana tarihin likitanci da dama na ganin daga nan ne mutanenmu suka ɗauki son allura, har yau wani in ba a soke shi ba gani yake ba a duba shi ba. Matsalar ita ce bushewar miki daban, mutuwar cuta daban. Ehrlich ya yi fatan allura ɗaya ta gama aiki, amma zuwa shekarun 1930 manyan likitocin Amurka sun tsayar da cewa sai an yi wajen allurar asinik 30 da ta bismut 40, a jere, cikin mako 70.

A ƙaddara manomi ne a Janfalan a 1935. Mako 70 na nufin damina ta zo ta wuce, a yi kaka, rani ya ƙare, wata daminar ta kankama, shi kuwa kowane mako yana barin gona ya taka zuwa inda malamin asibiti yake, a yi masa allurar da za ta sa shi amai da jiri, alhali tun wata na farko ba ya ganin komai a jikinsa. Wa zai yi? Ko a Amurka da Ingila, inda asibiti ke bakin ƙofa, mafi yawan majinyata ba sa kammalawa. Mutum ɗaya ne ba ya saɓa ranar allura, shi ne fursuna. Ba shi da gona, ba shi da kasuwa, gandiroba ne ke taso shi. Saboda haka likitan kurkuku ya zama yana da abin da sauran likitoci ke nema ruwa a jallo: majinyaci da za a yi wa allura ta farko har ta saba'in, a auna jininsa duk lokacin da aka ga dama, a san abin da ya ci da inda ya kwana. Akwai fursunonin da wannan ya cece su, suka fita da lafiyar da ba za su taɓa samu a waje ba. Amma wannan damar ita ce kuma ta jawo idon masu neman jikin da za su yi gwaji a kansa.

Ga wanda cutar ta riga ta kai wa ƙwaƙwalwa, Salvarsan bai da wani tasiri, don akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya iya ƙetarewa. Hideyo Noguchi ya nuna ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da wannan hauka a 1913, aka tabbatar da tushen abin, aka rasa yadda za a kai mata. Hanyoyi biyu aka samu, kowace da ban tsoro.

Ta farko daga Biyena ta fito. Julius Wagner-Jauregg ya lura cewa wasu masu wannan ciwo kan farfaɗo bayan sun yi zazzaɓi mai zafi. A 1917 ya ɗebi jinin mai zazzaɓin cizon sauro ya sa wa majinyatansa. A bar mutum ya yi masassara sau takwas zuwa goma sha biyu, jiki ya yi zafin da ƙwayar tunjere ba ta jurewa, sannan a ba shi kwinin. Wasu sun warware har sun koma aiki. A wasu asibitoci kuma har kashi 15 cikin ɗari sun mutu a hannun maganin. Duk da haka an ba shi kyautar Nobel a 1927, domin kafin shi wanda ya shiga wannan hali ba ya fitowa. Wani abin lura: nau'in zazzaɓin da suka fi amfani da shi ba ya kama jinin akasarin 'yan asalin Afirka ta Yamma, don haka a Amurka sai da aka nemo wani nau'in daban domin baƙaƙen fata.

Ta biyu wata allurar asinik ce mai suna tirifasamaid, wadda aka haɗa a Cibiyar Rockefeller da ke Niyok. Ita tana ƙetare shingen nan ta shiga ruwan laka. Ba don tunjere aka yi ta ba, don ciwon barci aka yi ta, kuma wata likita, Louise Pearce, ta kai ta Kwango a 1920 ta gwada. A farkon shekarun 1920 likitocin jihar Wiskonsin suka jarraba ta a kan masu tunjeren ƙwaƙwalwa, suka ga tana aiki. Aibinta ɗaya ne, mai girma: tana cin jijiyar gani. Gani ya fara tsukewa daga gefe, in ba a tsaya ba ido ya tafi, ba ya dawowa.

Sanannen fursunan da ya ratsa wannan zamani shi ne Al Capone, ƙasurgumin shugaban 'yan ta'addan Shikago. An ɗaure shi shekara 11 a kan ƙin biyan haraji, ya shiga kurkukun Atlanta a watan Mayun 1932, gwajin shiga ya nuna yana da tunjere, wadda ya ɗauka tun yana saurayi. A 1934 aka mai da shi Alkataraz, kurkukun tsibiri. A watan Fabrairun 1938 ya fara ruɗewa, aka ɗebi ruwan lakarsa aka tabbatar cutar ta hau sama. Ragowar zamansa a can a sashen asibiti ya yi, ana bin sa da alluran zamanin. Da aka sake shi a Nuwamban 1939 asibiti aka wuce da shi a Baltimo, hannun Joseph Earle Moore, ɗaya daga cikin manyan masana cutar. Daga baya ya samu fenisilin tun tana wuyar samu. Ga kuɗi, ga likitoci, amma abin da ya lalace ya riga ya lalace. Likitocin da suka auna shi a 1946 sun ce hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 12 ba, ya mutu a Janairun 1947 yana da shekara 48. Magani na kashe ƙwayar, ba ya mayar da ƙwaƙwalwar da ta cinye.

Wannan tirifasamaid ɗin ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kakannin mutanen Ikara da Kubau sun san zafinta a jijiyarsu. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ƙamari a lardin Zazzau, gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman ƙarƙashin Dokta Lester. Ayarin ma'aikata kan sauka a gari, dagaci ya tara jama'a kaf, maza da mata da yara, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana lalubar wuya. Wanda aka ji kaluluwa a soka allura a ɗebi ruwanta a duba a madubi. In an ga ƙwayar, a rubuta sunansa, ya shiga layin allura na makonni: a fara da wadda ake kira antirifol, a bi da tirifasamaid. Cikin shekara goma an yi wa dubban ɗaruruwan mutane haka a Arewa. Fitowa dubawa dole ce, doka ce. Daga 1937 kuma aka shiga aikin Anchau, wanda a da ke cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a cire Kubau. Aka sa mutane saran kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando mai yaɗa cutar ke fakewa, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororin aikin.

Ciwon barci da tunjere sun yi kama ta inda ya fi muni. Dukansu kan ɗauki lokaci a jini sannan su hau ƙwaƙwalwa, dukansu kan canja hali kafin su kayar da mutum. Wani likita, Geoffrey Tooth, da ya yi bincike a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya rubuta a 1950 cewa a yankuna masu faɗi na Afirka ta Yamma ciwon barci na kan gaba wajen haddasa taɓin hankali. Allurar ta ceci rayuka masu yawa a ƙasar Zazzau, wannan ba abin musu ba ne, ciwon barci in an bar shi kisa yake yi. Sai dai haɗarin makanta na nan tare da ita duk inda ta je. A yankin Bafiya na Kamaru, a ƙarshen shekarun 1920, wani ƙaramin likita a ayarin Eugène Jamot ya ƙara yawan maganin fiye da ƙa'ida, mutum wajen 700 suka makance. Abin da ya haɗa manomin Anchau da fursunan Alkataraz ya wuce kwalbar magani. Dukansu biyu ba a tambaye su ba, kuma ba su da bakin cewa a'a.

Fenisilin ce ta rufe zamanin guba. A 1943 John Mahoney, likitan gwamnatin Amurka a Niyok, ya yi wa matasa huɗu masu sabon kamu allurarta na kwana takwas, suka warke sarai. Abin da ke cin mako 70 ya koma mako guda, ba zubar haƙori, ba makanta. Kafin shekara goma asinik da bismut da zazzaɓin gangan duk sun zama tarihi. Da ita Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yaƙi 'yar uwar tunjere mai sa wa yara gyambo a ƙasashen kurmi, wadda likitoci ke kira yos: daga 1952 zuwa 1964 an yi wa mutum wajen miliyan 50 allura a ƙasashe 46, har aka yi babban taron duniya kan aikin a Inugu a 1955.

Mutum zai zaci daga nan fursuna ya huta. Akasin haka aka samu. Da magani mai sauƙi ya zo hannu, sai wasu masu bincike suka ga ai yanzu ana iya sa wa mutum cutar da gangan, tun da ana iya cire ta. A kurkukun Terre Haute na jihar Indiyana, a 1943 da 1944, an sa wa fursunoni 241 ciwon sanyi, ladan kowa dala 100 da takardar yabo zuwa ga hukumar da ke duba sassauci. Cikin likitocin akwai wani matashi, John Cutler. Shi ne aka tura Gwatamala a 1946, da kuɗin gwamnatin Amurka. A babban kurkukun birnin aka fara, ana shigar wa fursunoni da karuwai masu ɗauke da cutar. Fursunonin suka yi ta tirjiya kan yawan ɗibar jini, suna cewa yana raunana su, sai masu binciken suka karkata ga asibitin mahaukata, inda ba mai iya gardama. A can an kankare fatar mutane an shafa ƙwayar, wasu an sa musu ita ta allura har cikin ruwan laka. Zuwa 1948 mutum 1,308 aka sa wa tunjere ko ciwon sanyi ko wata cutar ta uku, fursunoni da sojoji da majinyata da karuwai, kuma takardu sun nuna kusan rabinsu ne kawai aka yi wa wani magani. Ana cikin wannan aiki ne, a 1947, kotun Nurembag ta hukunta likitocin Nazi ta kuma shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a gwaji a kan ɗan Adam sai da yardarsa. Cutler da shugabanninsa sun san da haka. Ba a buga sakamakon ba, takardun suka kwanta har wata masaniyar tarihi, Susan Reverby, ta tono su, Shugaba Obama ya nemi gafarar Gwatamala ranar 1 ga Oktoban 2010.

Cutler bai tsaya nan ba. A 1953 yana cikin waɗanda suka sa wa fursunoni 62 tunjere a kurkukun Sing Sing, don a gano ko wanda ya taɓa yi ya warke yana da kariya. Amsar da aka samu tana da amfani har gobe: warkewa ba ta hana sake kamuwa. An ce da yardarsu aka yi. Ni dai ban ga yadda mutumin da mabuɗin ɗakinsa ke aljihun wani, yana kuma ƙirga shekarun da suka rage masa, zai yi yarda irin ta mai 'yanci ba. Daga baya Cutler ya sa hannu a binciken Taskigi, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata 399 na jihar Alabama da tsohuwar tunjere ba magani, ana jiran a ga yadda za ta ƙare da su, har shekaru kusan talatin bayan samuwar fenisilin. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda shari'arsa ta ja har aka yi sulhu a 2009, ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda ya ce tsoron allura jahilci ne zalla bai karanta tarihin allura ba.

Yau ƙa'ida a rubuce take. Dokokin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, masu ɗauke da sunan Nelson Mandela, sun ce likita ya duba kowane ɗaurarre da zarar an kawo shi, a ba shi kulawa daidai da ta mutumin waje, kuma an haramta gwajin da zai cutar da shi. Nijeriya ta sake dokar gidajen yarinta a 2019, har aka koma kiransu gidajen gyaran hali. Mutum kimanin 80,000 ke tsare a ƙasar, wajen kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke yi. Cutar kuwa ba ta tafi ko'ina ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamu miliyan 8 a 2022, da jarirai 700,000 da suka ɗauka daga ciki.

Abin da ake bukata bai kai wahalar na da ba ko kusa. Akwai ɗan gwajin da ake yi da ɗigon jini daga yatsa, ya nuna tunjere da ƙanjamau a tare cikin minti 20, kuɗinsa a sari bai kai dala guda ba. In sabon kamu ne, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya ta wadatar. In tsohuwa ce, ko ba a san lokacin da aka ɗauka ba, allura uku, mako-mako. In ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ido ko kunne, sai an kwantar da mutum a babban asibiti irin na Shika a yi ta ɗura masa ta jijiya kwana 10 zuwa 14. Bayan allurar farko wasu kan yi zazzaɓi da ciwon kai na yini guda, alamar ƙwayoyin na mutuwa ce, a gaya wa majinyaci tun kafin ya tsorata. Shekara 80 ana amfani da fenisilin, har yanzu ƙwayar tunjere ba ta koyi jure mata ba. Kafso ɗin da ake saya a kyamis a sha na kwana biyu kuwa sai dai ya ɓoye alamu.

Dole a yi maganar kunya, don ita ce ke rufe bakin mutane. Gwajin jini ya nuna alama ba hujjar zina ba ce. Ana ɗaukar cutar daga ciki. Matar da ba ta taɓa saɓa wa aurenta ba na ɗauka daga miji. A yankin Sahel, har da Nijar da Mali, akwai wani nau'in da yara ke ɗauka ta baki wajen shan ruwa a moɗa ɗaya, kuma gwajin ba ya bambanta shi da tunjeren manya. Ma'aikacin lafiyar da ya riƙe sirri ya fi wanda ya yi wa'azi samun majinyata. Mutumin da aka gano a tsare kuma yana da iyali a gida, wataƙila mata biyu ko uku, wataƙila ɗaya na da ciki. Cikin matan da ake cewa suna wabi, ko masu yawan ɓari a watannin ƙarshe, akwai waɗanda allura ɗaya a lokacin awon ciki za ta sa 'ya'yansu su rayu. Ba dukansu ba, don sikila da zazzaɓin cizon sauro na nan, amma akwai.

Ƙananan gidajen gyaran hali irin na Ikara da Makarfi masu gajeren zama suka fi yawa a cikinsu, yau an kawo mutum, jibi an ba da belinsa ko an ɗauke shi zuwa Zariya. Wanda aka fara wa allura uku yana iya fita bayan ta farko ko ta biyu, ƙa'ida kuwa ita ce in tazara tsakanin allura da allura ta wuce kwana 14 sai a koma farko. Don haka ranar da za a sallame shi ya kamata ya fita da 'yar takarda a hannu, mai ɗauke da ranar da aka yi masa ta baya da ranar da ta gaba ta faɗo, wadda zai miƙa a babban asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, da wata takardar ta gayyatar iyalinsa gwaji wadda ba ta ambaci sunan cutar ba.